Ranar zaɓe a Kebbe: saƙon wa zai fara wucewa idan layi ya cunkushe?

A watan Maris na 2019, ƙuri'u 342 kacal suka raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu a zaɓen gwamnan Sakkwato, bayan zagaye na biyu da ya haɗa da rumfunan ƙaramar hukumar Kebbe. A inda tazara ke zama siririya haka, hoton takardar sakamako guda da ya maƙale a hanya ya isa ya haifar da zargi. Shi ya sa, gabanin zaɓen 2027, ya dace a tambayi yadda ake raba hanya a kan turken sadarwa.

Turke ɗaya yana da iyakar abin da zai ɗauka. A yammacin ranar zaɓe, wakilan jam'iyyu na kiran waya, matasa na watsa bidiyo kai tsaye a Facebook, na'urar BVAS kuma na ƙoƙarin tura hoton sakamako zuwa shafin IReV na hukumar INEC. Idan babu tsarin fifiko, duk bayanan za su shiga layi ɗaya, na gaba ya yi gaba.

Injiniyoyi sun daɗe da samar da maganin wannan. Kowane saƙo ana yanka shi ƙananan ƙunshi, a kan kowane ƙunshi kuma akwai gurbin da ake sanya alamar matsayinsa. A kan kebul, na'urorin da ke rarraba bayanai suna duba alamar su wuce da mai gaggawa. A kan Wi-Fi, ƙa'idar da aka amince da ita a 2005 ta kasa bayanai gida huɗu: murya, bidiyo, na yau da kullum, sai mai iya jira. Layukan 4G ma suna da matakansu, har da damar fifita wasu layuka. Amurka tana amfani da irin wannan ga jami'an agajin gaggawa.

Sai dai fifiko ba ya ƙara faɗin hanya, tsara jerin masu wucewa kawai yake yi. Kuma alamar ba ta da amfani sai kowace na'ura, daga turken ƙauye har babban kebul, ta mutunta ta. Inda babu turke, ko man janareta ya ƙare, ko aka yanke kebul, ba abin da za a fifita. A 2021 jami'an hukumar NCC sun shaida wa majalisar wakilai cewa kusan rabin rumfunan zaɓen ƙasar ne kaɗai ke da 3G. A watan Satumban shekarar aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato saboda 'yan bindiga. Haka nan, jinkirin ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 2023, INEC ta ɗora shi a kan tangarɗa a manhajarta, wadda fifiko ba zai warkar ba.

Akwai kuma haɗarin siyasa. Hannun da ke iya gaggauta saƙon hukuma zai iya jinkirta bidiyon ɗan jarida ko na mai sa ido. Don haka dole ƙa'idar ta kasance a rubuce, a bainar jama'a: waɗanne layuka aka fifita, na awa nawa, kuma wa zai binciki kamfanonin bayan zaɓe.

A watan Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, bisa alƙawarin inganta aiki. Masu zaɓe a mazaɓar Kebbe da Tambuwal suna da hujjar neman abu biyu daga wakilansu: taswirar rumfunan da ba su da sabis, da gwajin tura sakamako daga kowace rumfa tun kafin ranar ƙuri'a.