Waiwaye: Fina-finan Da Suka Hana Mu Barci

Duk wanda ya tashi a Jimeta a shekarun 1980 zuwa 1990 ya san tsoron fim iri-iri ne. Akwai na Turawa, irin Evil Dead na Sam Raimi da ya fito a 1981. A gidan kallo, janareto na ruri, yara sun cika benci, jini na feshi a talabijin. Za ka yi ihu, ka fito kana dariya, ka je gida ka yi barcinka lafiya lau. Ni dai a wurina wannan fim ɗin ƙyama ne kawai. Aljanin da ke cikin wata bukka a dajin Amurka bai san hanyar unguwar Jambutu ba.

Wanda ya san hanyar shi ne Nagin, fim ɗin Indiya na Rajkumar Kohli na 1976. Reena Roy ce macijiya mai rikiɗa ta zama kyakkyawar mace, tana bin waɗanda suka kashe mata miji ɗaya bayan ɗaya. Ba ma buƙatar jin Indiyanci. Mun taso a bakin Binuwai da labarin 'yan ruwa, kakanninmu kuma sun sha ja mana kunne kan baƙuwar da za ka gamu da ita da almuru. Fim ɗin bai koya mana wani sabon tsoro ba, wanda muke da shi ya tono. Haka Living in Bondage na 1992: da harshen Ibo aka yi shi, amma mutumin da ya ba da matarsa don ya yi kuɗi, fatalwarta kuma ta hana shi sakat, labari ne da ake yi a kowace majalisa, daga Luggere har Yola Gari.

Sai dai idan aka tambaye ni fim mafi tayar da hankali da aka taɓa yi da Hausa, zan ambaci wanda babu aljani ko ɗaya a cikinsa: Shaihu Umar, na 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An raba yaro da uwarsa, ya ƙetare Sahara tare da Balaraben da ya riƙe shi kamar ɗa. Uwar ta bi sawu, aka kama ta, aka sayar da ita baiwa, ba ta sake ganin ɗanta ba sai dab da ajalinta. Macijiyar Indiya ƙage ce. Wannan kuwa ya faru ga mutane da yawa a ƙasar nan, har da tamu Fombina, inda farautar bayi ta daɗe.

Wanda ya shirya fim ɗin, Adamu Halilu, ɗan Garkida ne, ɗan Adamawa. Ka tambayi saurayin da zai lissafo maka fitowar Gabbar Singh a fim ɗin Indiya Sholay tun daga farko har ƙarshe, da wuya ya taɓa jin sunan Halilu. Ba laifinsa ba ne. Sholay na hannun masu shi tun 1975, suna gyara shi suna sake fitarwa. Shaihu Umar namu kuwa shekara da shekaru ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano faifansa na asali a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Faifan silima ke nan, mai ɗan juriya. Fina-finan bidiyo na Hausa na farko kuwa, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, a kaset aka yi su, kaset kuwa ba ya jure zafin Maris da Afrilu na Yola, balle danshin damina. Mai tsohon shagon haya da ya tara su a kwali ya kai su a kwafe tun zaren bai manne ba.

Shaihu Umar dai ya tsira, a gyare yake. Saura a samu mai ɗauko shi, ko Jami'ar Modibbo Adama ko gidan talabijin na jiha, a haska shi a Lamido Cinema, wadda yanzu an fi jin sunanta a labarin taron 'yan siyasa.