DAGA GABAN ALLO: Agogo a Darasin Waƙa

A wannan wata za mu taɓo darasin da yawancinmu malamai muke tsallakewa idan hedimasta ya ba da baya, wato kiɗa da waƙa. Manhajar firamare da aka kawo a Ghana a 2019 ta haɗa shi da zane da rawa da wasan kwaikwayo a darasi guda. To amma makarantu nawa ne a zangunanmu, daga Nima har Aboabo, suke da piyano? Alli da allo dai su ne jarinmu.

A kwalejin horon malamai an koya mana do-re-mi da dogon jadawalin nan da ake ratayewa a bango, malami yana nuni da sanda muna bi. Hanyar John Curwen ce, wani limamin coci na Ingila a ƙarni na 19. Tana koyar da hawa da saukar murya, amma ba ta nuna wa yaro abin da ya haɗa do da mi da so har suke daɗi idan an rera su tare. Hadda muka yi, muka ci jarrabawa, muka manta.

Ga abin da muke gwadawa a ajinmu. Tsakanin do na ƙasa da do na sama akwai ƙananan matakai 12, daidai da lambobin agogo. Sai a zana agogo babba a allo, a sa do a kan 12, re a kan 2, mi 4, fa 5, so 7, la 9, ti 11. A raba yara gida uku, waɗannan su riƙe do, waɗancan mi, sauran so. Suna cikin rerawa sai malami ya ja layi daga 12 zuwa 4, daga 4 zuwa 7, ya koma 12. Yaranmu suka sa wa zanen suna murhu, don duwatsu uku ne ke ɗauke da tukunya, mu kuma muka bar musu sunan. A yanka murhun nan da kwali, a juya shi ya sauka a 5 da 9 da 12, an sami fa-la-do. A ƙara juyawa zuwa 7 da 11 da 2, ga so-ti-re. Kwali ɗaya ne, wuri kawai ya sauya, kuma da waɗannan uku masu jita suke raka waƙoƙin hailaif da dama.

Akwai gyara a kan cinikin. Idan yara suka ƙirga bugu 12 a jere, suna tafi a kan lambobin nan bakwai kaɗai, abin da zai fito shi ne bugun kugen da mutanen Ewe ke kaɗawa a rawar agbaja. Ranar da muka gwada, sai da malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ta taga.

Sai dai wata yarinya ta ɗaure mu da tambaya. Ta ce, "Malam, ina murhun goge?" Gaskiya goge ba shi da shi. Tsirkiya ɗaya gare shi, kuma a waƙarmu ta Hausa mawaƙi ke ja, 'yan amshi su karɓa da murya ɗaya, kalangu yana bin hawa da saukar magana. Maƙwabtanmu Asantawa kuwa sun saba jera murya biyu tun kafin zuwan Turawa, shi ya sa waƙoƙin Ephraim Amu masu murya huɗu suka zauna musu daram. Waƙoƙinmu da yawa amo biyar suke yawo a kai, kusa da 12, 2, 4, 7 da 9, kuma yatsan mai goge ba dole ba ne ya faɗa daidai kan lamba. Idan malami bai faɗi wannan a fili ba, yarinyar za ta koma gida da zaton kiɗan kakanninta ne yake da gibi, alhali ma'aunin ne na wasu.

Ga iyaye kuma, mun ji ƙorafin wani uba da ya ce bai kawo ɗansa boko don ya zama maroƙi ba. Muka buɗe masa littafin yaron, ya ga da'ira da lambobi da layuka, ya ce ashe lissafi ne. Ba mu yi masa gardama ba.

Malamin da ya gwada agogon a ajinsa ya rubuto mana ta hannun edita, musamman wanda ya sami mai goge ko mai kukuma ya zo gaban yara. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.