Gini a gida daga Kurmi: "nawa ne ƙafa ɗaya?" ba ta da amsa guda

Duk wanda ke zaune a Sabon Ibadan, ko Agege, ko karar Lokpanta yana tara kuɗin gini, akwai tambayar da yake fara yi in ya bugo waya gida: nawa ɗaki ke ci yanzu? Masu ɗan boko kuma su ce, nawa ne murabba'in ƙafa ɗaya? Ana ba shi lamba sai ya riƙe ta kamar ya ga rasit. Daga nan rigima ke farawa.

Na gani a gidanmu a Yindiski. A tsakiyar 2023 yayana da ke bin shanu Kudu ya nemi lissafin ɗaki uku, magini ya buga masa a kan buhun siminti wajen naira 5,000. Kafin kuɗin su gama haɗuwa an shiga Fabrairun 2024, buhu ya haura 10,000. A watan ne Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da Dangote da BUA da Lafarge, aka ce a sayar tsakanin 7,000 da 8,000, amma mai shago ba da sanarwa yake sayarwa ba. Ginin ya tsaya a linta. Ni da ke riƙe da kuɗin, ni aka fara yi wa wani irin kallo, alhali ko sisi ban taɓa ba.

Tun cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira, lissafin da aka yi da naira ba ya jimawa. Na kaya shi ne ke zama. Bulo ɗaya fuskarsa inci 18 ne a 9, wato ya ɗan ɗara murabba'in ƙafa ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12, tsayi ƙafa 10, zai ci bulo wajen 400 bayan an cire ƙofa da taga, ban da na fandisho. In ana buga bulo 35 a buhu, siminti kusan buhu 12 ke nan, kafin a zo na ɗora bulo da filasta da daɓe. Wanda ya ce zai fitar maka da 55 a buhu don ka samu sauƙi, bulon da za ka murje da yatsa zai ba ka. Wannan lissafi bai san farashin dala ba. Ranar sayayya kawai za ka tambayi kuɗin buhu ka ninka.

Baba kan ce ba a yi wa sa kuɗi a waya, sai an ga jikinsa. Ƙafa ɗaya ta falo da ƙafa ɗaya ta banɗaki ba ɗaya ba ne: banɗaki ƙarami ne, amma akwai tayil, famfo da sokawe. Shago kuwa a ƙasa ya fi gida sauƙi, tunda babu yawan bangon tsakiya, sai dai ƙofar ƙarfe. Amma da ka ce za ka ɗora bene, rodi da tsakuwa da ginshiƙai sun canza maganar gaba ɗaya.

Abin da ya fi kayar da mutane ma shi ne katanga, don ba ta shiga lissafin ƙafa kwata-kwata. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 kewayensa ƙafa 300 ne. In za a ɗaga ta ƙafa 8, bulo wajen 2,100 ake magana, kimanin na ɗaki biyar, siminti buhu 60 a bugun bulo kaɗai. Kuma wa zai kai iyalinsa gidan da ba katanga?

Sai kuskuren ɗauko farashin Legas a ɗora wa Potiskum. A can akwai unguwannin da ƙasa ke da ruwa, fandisho kaɗai ya cinye mutum, ga kuɗin ma'aikata da tsada. A nan kuɗin aiki da sauƙi, kuma masana'antar siminti ta Ashaka tana maƙwabciyarmu Gombe. Amma rodi da kwano daga nesa ake kawo su, kuɗin gas na mota yana cikin farashinsu. In da rani ake aikin, ruwan jiƙa bulo ma saye ake yi wurin 'yan garuwa.

A ganina, kafin ka turo ko naira ɗaya, a auna filin, magini ya rubuta maka kaya daki-daki: bulo nawa, buhu nawa, rodi nawa, tifar yashi nawa, kwano bandir nawa, kuɗin aiki daban. In babban gini ne kamar jerin shaguna da bene, a biya masanin ƙiyasin gini ya yi takardar. Kuɗi in sun samu, a saye rodi da kwano a ajiye. Siminti kam kada a tara shi ya yi watanni, yana daskarewa, gara a buge shi bulo.

Namu ginin sai da aka sayar da bijimi biyu kafin aka rufa shi. Katangar har yau rabi ce.