Wa Zai Koyi Jinyar Tsofaffin Ganuwoyin Zamfara?

Arewacin Zamfara ba ya rasa abin tarihi. A ƙasar Zurmi akwai Dutsi, tushen daular Zamfara. Kusa da Ƙauran Namoda akwai kufan Kiyawa, inda sarakunanta suka zauna bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara, ga kuma tashar da layin dogo ya tuƙe a 1929. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu ilimin adana su.

Digirin farko kan koya wa ɗalibi tayar da sabon gini. Jinyar tsoho kuwa fanni ne na digiri na biyu: auna gini, rubuta tarihinsa, gano inda ruwa yake cinsa. A can ake fahimtar dalilin da ya sa yaɓen siminti ke kashe katangar ƙasa: yana tsare danshi a ciki har tubali ya ruɓe, alhali makuba tana barinsa ya fita.

Wasu za su ce tsaro ne gaba. Gaskiya ne, amma garin da mutanensa suka watse, damina ce ke gadonsa, don haka aunawa da rubutawa ba sa jira. Agadas ta shiga jerin UNESCO a 2013 da ginin ƙasa irin wannan.

Ya kamata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ta tura malamanta wannan karatu da tallafin TETFund, bisa sharaɗin su dawo su durƙusa gaban tsofaffin magina tun suna raye.