Ina Albashin Mutumin Abuja Yake Tafiya?

Sau da yawa akan zargi ma'aikacin Abuja da almubazzaranci in ya yi kukan albashi ba ya kai shi ƙarshen wata. To, kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a dubi abubuwan da ke zare kuɗi daga aljihunsa.

Na farko shi ne ciki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2019 ya nuna fiye da kashi 56 cikin 100 na abin da gidajen Nijeriya suka kashe, a kan abinci ya tafi. Tun 1857 wani masani Bajamushe, Ernst Engel, ya lura cewa gwargwadon ƙarancin samun magidanci, gwargwadon girman rabon da abinci ke ci daga samun nasa. Saboda haka in mudun shinkafa ya tashi a kasuwar Wuse, ƙaramin ma'aikaci ne ke fara jin jiki, sai ya rage nama, ya ɗage sayen sutura.

Na biyu, muhalli da nisa, kuma nan ne Abuja ta sha bamban. Da Janar Murtala Muhammed ya kafa dokar sabon babban birni a 1976, aka kuma tare a watan Disamba na 1991, gidajen tsakiyar gari ba su wadaci masu yi wa gwamnati hidima ba. Haya a Maitama da Asokoro sai manya, ga shi akan biya ta shekara guda ne a dunƙule. Sai jama'a suka watsu zuwa Kubwa da Nyanya da Gwagwalada, wasu har Mararaba ta Jihar Nasarawa da Suleja ta Jihar Neja. Abin da mutum ya tsira da shi daga hannun mai gida, direba ya karɓe. Da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi sahu.

Wani zai ce maganin abin ƙarin albashi ne. Amma dattawa ba su manta da Udoji ba. A farkon 1975 gwamnatin Janar Gowon ta biya ƙari har da bashin watannin baya, mutane suka afka wa kantuna suna sayen babura da rediyo, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar. Haka a 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, alhali tsadar kaya ta riga ta yi masa kwanton ɓauna. Kuɗi in ya yawaita kaya ba su ƙaru ba, kasuwa ce ke lashe shi.

Shawararmu ga mahukuntan birnin ita ce su sa ƙarfi wajen gidaje masu sauƙin haya kusa da wuraren aiki, su wadata hanyoyin Nyanya da Kubwa da manyan motocin safa, su kuma kai jirgin ƙasan cikin gari unguwannin da talakawa suke. Shi kuwa magidanci, ya ware kuɗin haya wata-wata, ya bar gasar biki da maƙwabta, don kowa ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa. Allah Ya rufa mana asiri.