"Namu Ya Samu" Mun Ji, Amma Wa Ya Yaye?

'Yan uwa, ku yi mini haƙuri, yau zan taɓa wani ciwo ne da ke jikinmu mu da kanmu, ba na 'yan ɗaya ɓangaren ba.

Duk lokacin da aka naɗa ɗan Arewa shugabancin wata hukuma a harkar sadarwa, kun san yadda muke yi. Kafin la'asar an haɗa hotonsa da babbar riga, an rubuta "namu ya samu", an cika shafuka da fatan alheri. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Kuma idan maganar kujera ake, wallahi ba mu da bakin kuka. Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ya riƙe Hukumar NCC daga 2015 zuwa 2023. Da ya sauka, Dakta Aminu Maida ya hau. Isa Ali Pantami ya yi ministan sadarwa daga 2019 zuwa 2023, bayan ya shugabanci NITDA, kuma Kashifu Inuwa ne ya gaje shi a can. Shekaru kusan goma manyan kujerun gwamnati na wannan fanni ba su yi nisa da mu ba.

Tambayata ita ce: a ƙasan waɗannan kujeru fa? Manajan da ke kula da ƙarafan sabis na jihohi uku, injiniyar da ke tsara inda za a binne wayar fayiba, mai kamfanin kwangilar da ke da ma'aikata ɗari biyu, wanda ke zama a teburin da ake yanke wane ƙauye za a kai wa sabis bana, wane zai jira baɗi. Mutum nawa muka reno da za su iya zama a waɗannan wuraren? Ku duba unguwarku ku ƙirga. Na ƙirga a tawa, yatsun hannu ɗaya sun ishe ni.

Na yi shekaru ina aiki da wani kamfanin kwangila da ke kula da ƙarafan sabis. Mutane da yawa ba su san cewa yawancin ƙarafan nan ba na kamfanonin waya ba ne yanzu. Tun wajajen 2014 suka sayar da su ga kamfanoni irin su IHS da American Tower, su kuma suna bai wa ƙananan 'yan kwangila aikin zuba man gas, gyaran janareto, canjin batir da gadi. To a can ƙasa nake. Kuma a can na gane abin da ake kira shugabanci a wannan sana'a.

Wani dare da damina, janareton wani babban ƙarfe ya tsaya. Irin ƙarfen nan ne da wasu ƙarafa da dama ke rataye a wuyansa, idan ya mutu duk sun mutu. Na san abin da ya lalace, na san wanda ke da kayan a cikin gari, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Amma dokar kamfaninmu ita ce ba a kashe ko kwabo sai oga ya sa hannu, oga kuma wayarsa a kashe. Na zauna a mota ina kallon batir na zuƙewa har ya mutu. Garuruwa suka kwana ba sabis. Mai POS bai yi ciniki ba, wanda matarsa ke naƙuda bai samu kiran mai mota ba. Da safe aka kira ni aka wanke ni tas, wai me ya sa ban yi dabara ba. Alhali da na yi dabarar, da takardar tuhuma zan karɓa. Wanda aka raina shi a irin wannan gida, ko shekara ashirin ya yi, abu ɗaya zai ƙware a kai: jiran umarni da kare kansa.

Daga baya aka kawo mana wani shugaba, ba ma Bahaushe ba ne. Makonsa na farko ya tara mu ya ce, daga yau duk abin da bai wuce kaza ba, ku yanke hukunci a wurin, ku gaya mini da safe. Idan kun yi kuskure za mu zauna mu duba tare. Kuma ya cika alkawari. Na taɓa sayen kayan da ba su dace ba, na jawo asara. Bai tsawata mini a gaban yara ba. Ya zaunar da ni ya ce in faɗa masa me na gani, me na zata, me zan canza. Bayan wata biyu sai ya tura ni zaman sulhu da mutanen wani gari da suka kulle mana ƙarfe saboda ƙarar janareto da man da ke malala cikin gonar wani dattijo. Na ce masa ni injiniya ne, ba alƙali ba. Ya ce wanda bai iya zama gaban mai gari ya saurari ƙorafi ba, ba zai iya riƙe yanki ba. Daga baya ya sa ni zama da masu lissafin kuɗi in koyi karanta kasafi, abin da na tsana kamar me. Cikin mu da muka yi aiki a ƙarƙashinsa, da dama yanzu suna riƙe da mutane. Bai taɓa kai mu otal an yi mana bita ba.

Wannan fa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ku ga yadda ake yi. Yaro zai fara da share shago da miƙo sukundireba. A hankali a bar shi ya canza gilashi, sannan ya taɓa injin waya. Wata rana maigida zai yi tafiya ya bar masa shago da cinikin ranar. Idan ya riƙe amana, ya iya magana da kwastoman da ransa ya ɓaci, sai a yaye shi, a kama masa nasa teburin. A kasuwa ana auna girman maigida da yawan yaran da ya yaye. Mu 'yan boko ne muka watsar da wannan ma'auni, muka koma auna mutum da yawan motocin da ke bin bayansa.

Tarihin sadarwar ƙasar nan ma abin da ya nuna ke nan. An kafa NITEL a 1985, kuma kada wanda ya ce muku ba ta da ƙwararru. Tana da injiniyoyi na gaske, da yawansu su ne suka koma suka gina kamfanonin da suka binne ta. Amma zuwa 2001 layukan da ke aiki a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 ba su kai rabin miliyan ba. Manyanmu suna tuna yadda ake neman layi kamar ana neman kujerar Makka. Matsalar ita ce gidan an gina shi a kan jiran sa hannun na sama, na saman kuma yana jiran ma'aikata, ma'aikata na jiran fada. An ba Pentascope riƙonta a 2003, an sayar wa Transcorp a 2006, duk ba ta tashi ba, har aka sayar da abin da ya rage ga NATCOM a kan dala miliyan 252.

A ɗaya gefen ku dubi Injiniya Ernest Ndukwe, wanda ya riƙe NCC daga 2000 zuwa 2010. Ya zo ne daga cikin sana'ar, ya shugabanci kamfanin kayan sadarwa kafin a kira shi. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a, kowane lasisi dala miliyan 285, a ƙasar da aka saba raba irin wannan abu a ɗaki cikin dare. Wannan gaskiyar da aka yi ita ta sa masu kuɗi suka yarda suka zuba jari. A watan Agustan shekarar MTN da Econet suka fara aiki. Da Globacom ta shigo a 2003 ta fara cajin kira da daƙiƙa, sauran da ke cewa abin ba zai yiwu ba suka bi sahu ba shiri. Ko shugaban MTN Najeriya da aka naɗa a 2021, Karl Toriola, ku bi sawunsa: injiniya ne, ya riƙe sashen fasaha na kamfanin, aka tura shi Kamaru ya shugabanci reshen can, ya kula da ƙasashen yankin, sannan aka dawo da shi gida. An yi ta jujjuya shi ne kamar waina a tanda har ya nuna. Funke Opeke kuma ta baro aiki a Amurka, ta yi aiki a MTN da NITEL, ta ga inda gizo ke saƙa, sannan ta kafa MainOne ta jawo wayar intanet ta ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas a 2010.

Kuma sana'a ce da sakacin shugaba ke da tsada. A 2015 NCC ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda layuka sama da miliyan 5 marasa rajista da ba a rufe a kan lokaci ba. An sasanta a kan biliyan 330, amma shugaban kamfanin na Najeriya da na uwar kamfanin a Afirka ta Kudu duk sun bar kujerunsu. A 2017 bashin dala biliyan 1.2 ya durƙusar da Etisalat har ta koma 9mobile. Babu ɗaya cikin biyun nan da matsalar na'ura ta jawo.

Na san abin da wasunku za su rubuta a ƙasa: ai hedikwatocin kamfanonin duk suna Legas, ai ba a ɗaukar yaranmu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, na ga wariya da idona. Amma na kuma ga yaronmu da aka ba ƙarin girma a Fatakwal ya ce shi ba zai iya nisa da gida ba. Na ga iyayen da suka hana 'yarsu mai digirin injiniya karɓar aiki saboda akwai fita gyara. Na ga wanda ya bar aikin kamfani inda ake gasa shi yana koyo, ya koma wata ma'aikata saboda an samo masa takarda daga wani babba, yau shekara takwas yana karanta jarida a ofis. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawanmu kujera muke so, ba ɗawainiya ba.

Abin haushin shi ne yankinmu ya fi kowa buƙatar shugabannin da suka san ƙasa. A 2012 an ƙona ƙarafan sabis a jihohin Arewa da dama. A 2013 an katse sabis a Borno, Yobe da Adamawa. A Satumban 2021 an rufe na Zamfara gaba ɗaya, aka biyo da sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Ko kana goyon bayan matakin ko ba ka yi, lokacin da ake yanke irin wannan hukunci ana buƙatar mutum a teburin da ya san abin da rufe sabis ke yi wa mai sayar da shanu a Shinkafi, ya kuma iya faɗa da hujja da lissafi a harshen da kamfani da jami'an tsaro za su saurara. Irin wannan mutum ba a samar da shi da takardar naɗi. Haka da aka amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, mun yi ta zagi a nan. Mutum nawa cikinmu suka iya zama suka warware lissafin man gas da canjin dala, suka nuna inda kamfanoni ke da gaskiya da inda suka wuce gona da iri?

To me nake so mu yi, mu da muke da bakin magana da 'yan takara da masu riƙe da muƙamai?

Mu daina karɓar rabon kwamfuta da hoton bita ta kwana uku a matsayin "an horar da matasa". Cibiyar Digital Bridge da NCC ta kafa a 2004 tana da reshe a Kano. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya yana koyar da fasaha. Duk suna da amfani, amma aji hannu yake koyarwa, riƙon mutane sai a bakin aiki. Jiha tana da abin ciniki a hannunta: izinin haƙa hanya don binne fayiba. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. Gwamnan da zai yafe wannan kuɗi, me zai hana ya sa sharaɗi a rubuce cewa kamfanin zai ɗauki injiniyoyin jihar, ya sa su ƙarƙashin manyan manajojinsa shekara biyu, a zagaya da su sashen fasaha, sashen kuɗi da sashen hulɗa da jama'a, a kuma ba su wani yanki su riƙe da kansu? Kwangilolin sadarwa na jiha, a daina bai wa ɗan siyasar da zai sayar da takardar a Abuja. A bai wa ƙaramin kamfanin da ke da injiniyoyi, ko da mai shi bai taɓa sa hularmu ba. Eh, na faɗa. Wanda ya riƙe ma'aikata talatin ya biya su albashi a watan da ba a biya shi ba, ya koyi abin da babu jami'ar da ke koyarwa.

Su kuma namu da Allah ya ɗaga a wannan fanni, a hukuma ko a kamfani, idan sun zo gida hutun sallah a yi musu tarba, a ci tuwo, ba laifi. Amma a cikin hira wani ya daure ya tambaye su sunayen mutum biyar da suka reno har suka iya riƙe wuri ba tare da su ba, kuma ina waɗannan mutanen suke yanzu. Ba waɗanda suka samar wa aiki nake nufi ba, wannan daban.

Ni dai na fara da kaina. Akwai yara biyu a hannuna yanzu, ɗaya mace ce, ta fi namijin kaifin kai nesa ba kusa ba. Makon jiya na bar mata zaman da za a yi da wani mai fili da ke neman ƙarin kuɗin haya, na kashe wayata da gangan. Ta ƙara masa fiye da yadda ni zan ƙara. Gobe za mu zauna mu duba lissafin tare.