Bidiyon gabatarwa: a rage girman fuska, a ƙara girman rubutu

Haɗa fuskar mai magana da shafukan PowerPoint a bidiyo ɗaya ya zama abu mai sauƙi. A da sai an nemi mai kyamara da mai tace hoto, yanzu kuwa matashi da kwamfuta ɗaya ko waya ɗaya zai gama aikin a ɗakinsa. Masu koyar da darussan JAMB, masu tallan kwas ɗin koyon sana'a da ɗaliban da ke neman tallafin karatu duk sun rungumi wannan salo. Matsalar ita ce da yawa daga cikin bidiyon da ake fitarwa ba sa karantuwa a waya, alhali a waya ake kallonsu.

Manhajojin ba su da laifi. OBS Studio, wadda ta fito tun 2012, kyauta ce, kuma tana barin mutum ya jera kyamara da allon kwamfuta a fage ɗaya, ya ja kowanne zuwa girman da yake so. PowerPoint da kanta tana ɗaukar murya da fuska yayin da ake juya shafuka, sannan ta fitar da fayil ɗin MP4. Canva ma tana da irin wannan. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya ɗaukar kansa da waya, ya ɗora bidiyon a kan hotunan shafukan a CapCut ko KineMaster. Kasuwar ma babba ce, domin a 2023 kamfanin Atlassian ya sayi Loom, wadda aka sani da ɗan da'irar fuska a kusurwar allo, a kan kusan dala miliyan 975.

Abin da ke ɓata aikin shi ne tsarin da mai gabatarwa ya zaɓa. Yakan shirya shafukan a babban allo, ya cika su da layi goma sha biyu na ƙananan haruffa, sannan ya ba fuskarsa sulusin wurin. Mai kallo kuma yana riƙe da waya a tsaye, wadda faɗinta bai wuce santimita bakwai ba. Bidiyo mai fasalin 16:9 a irin wannan allo tsawonsa kusan santimita huɗu ne. A wannan ɗan fili fuska ta cinye sulusi, rubutu ya koma kamar sawun tururuwa. Idan aka tura ta WhatsApp, wadda ke matse bidiyo don rage nauyinsa, haruffan sai su ƙara dishewa.

Akwai kuma batun kuɗi. Shafin da ba ya motsi yana matsuwa sosai, domin manhajar matse bidiyo tana adana abin da ya canza ne daga hoto zuwa hoto. Fuska kuwa kullum cikin motsi take, don haka gwargwadon girmanta gwargwadon datar da take buƙata kafin ta fito da kyau. Lissafin a fili yake: bidiyon minti 10 a kan megabit 5 a daƙiƙa ya kai megabait 375, a kan megabit 1 kuma megabait 75 ne kacal. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan bambanci ya zama abin da ɗalibi ke ji a aljihunsa.

Masu son fuska suna da hujja. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun nazarci kallo miliyan 6.9 na bidiyon darussa a dandalin edX, suka gano cewa bidiyon da ke sako fuskar malami tsakanin shafuka ya fi riƙe masu kallo a kan na shafuka zalla. Mutum ya fi amincewa da wanda yake gani, musamman idan za a nemi kuɗinsa. Amma binciken nan ɗin ya nuna cewa hankalin masu kallo yakan fara gushewa bayan kimanin minti shida, komai tsawon bidiyon. Sannan ga Salman Khan na Khan Academy, wanda ya koyar da miliyoyin mutane lissafi da baƙin allo da muryarsa kawai. Abin da za a ɗauka daga nan shi ne fuska tana taimakawa wajen jawo mutum, amma abin da ke kan shafi da abin da kunne ke ji su ne ke koyarwa.

Saboda haka tsarin da ya dace bai da wahala. Fuska ta cika allo a farkon bidiyo lokacin gaisuwa da bayyana abin da za a koya, ta koma ƙarama a kusurwa idan bayani ya fara, ta ɓace gaba ɗaya idan an zo kan jadawali, lissafi ko lambobin manhaja. A OBS ana shirya fage uku, a riƙa sauyawa da maɓalli ɗaya. Kowane shafi ya ɗauki magana ɗaya da manyan haruffa, a bar kusurwar da fuska za ta zauna babu rubutu. A fitar da bidiyon a 720p, a raba dogon darasi gida-gida.

Sauti kuma ya fi cancantar a kashe masa kuɗi fiye da koren ƙyalle ko fitilar zobe. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, ko ma na abin sauraren waya, ya fi na jikin kwamfuta nesa ba kusa ba. Mutane suna haƙuri da hoto mai duhu, amma ƙarar janareta ko amon ɗaki na sa su rufe bidiyo nan take.

Kafin a wallafa, mai bidiyon ya tura wa kansa ta WhatsApp, ya buɗe a ƙaramar waya, ya riƙe ta a tsaye. Idan sai ya matse ido kafin ya karanta shafinsa, to aikin bai ƙare ba, ya koma ya gyara kafin wani ya ƙona datarsa a banza.